Farautar duwatsun sama daga Agege a dogon hutu

Duk wanda zai shirya wa ɗaliban sakandare aikin binciken falaki a Legas cikin dogon hutu, ya fara da sanin cewa sama ba za ta ba shi haɗin kai ba. Ruwa kan ɗan tsagaita a watan Agusta a wannan yanki na kudu, amma gajimaren ba ya zuwa ko'ina. Yana nan shimfiɗe kamar an lulluɓe garin da farin zane, da dare kuma fitilun Ikeja da na filin jirgi su haska shi daga ƙasa. A kan haka muka tsara makonni shida a wani aji da aka ara mana a Agege. Ɗalibai 12 ne 'yan aji huɗu da aji biyar, maza da mata, wasu daga nan unguwar, wasu daga Mile 12 da Idi-Araba. Kayan aikin su ne kwamfutocin tafi-da-gidanka 4, sanda mai tsawon mita 1, da na'urar hangen nesa guda ɗaya mai madubin milimita 150. A cikin ukun nan, na'urar hangen nesa ce ta fi kowa hutawa.

Kafin kwamfuta akwai iyaye. Kalmar "taurari" tana da nauyi a kunnen Bahaushe, domin ba ta da nisa da bokanci. Wani dattijo da ya rako jikarsa ranar farko ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ba dai duba za ku koya wa yaran nan ba?" Amsar da ta gamsar da shi gajera ce: "Alhaji, lissafi ne, irin wanda ake fitar da jadawalin lokutan salla da shi." Daga ranar muka mayar da rubutun takardar neman izini ya koma "ilmin falaki". Lokacin zama kuwa ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, don mai zuwa daga nesa ya koma gida kafin cunkoson yamma ya rufe hanya.

Babban aikin shi ne neman duwatsun sararin samaniya, waɗanda ake kira astiroyid, a cikin hotunan da wani ya ɗauka a inda sama take garau. Akwai shirin neman astiroyid na ƙasa da ƙasa mai suna IASC da Dakta Patrick Miller ya kafa a 2006 a Jami'ar Hardin-Simmons da ke jihar Tekzas ta Amurka. Kyauta ne. Ƙungiya takan yi rajista a zagaye ɗaya na kusan wata guda, a riƙa aiko mata da sababbin hotuna daga na'urorin hangen nesa na Pan-STARRS guda biyu, PS1 da PS2, da ke kan dutsen Haleakala a tsibirin Mawi na Hawayi, sama da mita 3,000 daga doron teku. Kowace na'ura madubinta mita 1.8 ne, kyamarar ta farko kuma tana da ɗigon hoto biliyan 1.4. Kwamfutocin can suna tace hotunan da kansu, su kama mafi yawan abin da ke motsi. Abin da ya yi dusu-dusu har ya kuɓuce musu shi ne rabon idon ɗan Adam. Ma'ana, sauran kala ake ba ɗalibai, kuma gara a faɗa musu haka tun ranar farko, kada wani ya zo da tunanin zai tsinci dutse a kowane hoto.

Don su san abin da suke nema ba tatsuniya ba ne, da Zagami muka fara. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a ƙauyen Zagami na ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mirrihi ne, wato Mars. Wani kuma ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974. A watan Oktoba na 2008 an hango wani ƙaramin dutse ƙasa da kwana ɗaya kafin ya shigo, aka lissafa inda zai faɗa, ya kuwa tarwatse a saman hamadar arewacin Sudan kamar yadda aka ce. Waɗanda ɗalibai ke samu ba masu zuwa nan ba ne. Galibinsu suna zagaya rana ne tsakanin Mirrihi da Mushtari, wato Jupiter, nisan da ya ninka namu daga rana sau 2 zuwa sau 3 da ɗoriya, namu kuwa kilomita miliyan 150 ne. Na farko da aka gano a wannan tsakanin shi ne Seres, daren 1 ga Janairu 1801, a hannun Giuseppe Piazzi a Falermo ta Italiya. Yanzu waɗanda aka sani sun haura miliyan ɗaya.

Makon farko gaba ɗaya saiti ne da atisaye. Manhajar da ake aiki da ita sunanta Astrometrica, wani ɗan Austiriya mai suna Herbert Raab ya rubuta ta, kuma a kan Windows take aiki. Waya ba ta yi. Tana buƙatar abu uku kafin ta amfane ka. Na ɗaya, fayil ɗin saiti na na'urar da ta ɗauki hoton, domin PS1 da PS2 kowace da nata. Na biyu, kundin taurari da take jawowa ta intanet duk lokacin da za ta auna hoto. Na uku, fayil mai suna MPCOrb wanda ke ɗauke da hanyar zagayen duk duwatsun da aka riga aka sani. Wannan na ukun ɗaruruwan megabayit ne. Idan kwamfutoci huɗu suka ce kowace sai ta sauke nata a kan data ɗaya, kafin azahar an cinye kuɗin mako. Mutum ɗaya ya sauke da daddare, a zuba a filas, a raba wa sauran da safe. Amma a sabunta shi kafin a fara zagayen, domin tsohon fayil bai san duwatsun da aka gano bayan ranarsa ba, sai ɗalibi ya yi ta murna a kan abin da ke da suna tun bara.

Wuta kuma an san halinta. A cika kowace kwamfuta kafin a zo, a tanadi ƙaramin janareta ko inbata, wadda batirinta ya mutu kuma a ajiye ta kusa da soket. Abin da ba mu zata ba shi ne hasken taga. Dutsen da ake nema ɗigo ne mai launin toka a kan shimfiɗa mai launin toka, kuma fuskar kwamfuta mai araha tana sauya duhunta da zarar ka ɗan karkata kai. Sai da muka rataya zannuwa a tagogin gabas, muka juya tebura suka ba wa haske baya, sannan ɗigon da malami ke nunawa ya fara bayyana ga na gefe.

Ga yadda aikin ke tafiya idan hotuna sun iso. Kowane ƙunshi hotuna 4 ne na yanki ɗaya na sama, an ɗauke su a jere cikin kusan awa guda. Ana duba sunan ƙunshin a ga ko na PS1 ne ko PS2, a ɗora saitin da ya dace, sannan a buɗe huɗun tare. Mataki na gaba shi ne manhajar ta gwama taurarin hoton da na kundi don ta san daidai inda kowane ɗigo yake a sama. Idan ya yi, za a ga da'irori kore sun hau kan taurari da yawa. Idan intanet ta yanke ana tsakiyar jawo kundin, ko taurarin yankin sun yi ƙaranci, sai ta ce ta kasa gwamawa. Nan ɗalibi mai gaggawa yakan danna "ci gaba" ya wuce, kuma duk awon da zai yi bayan haka banza ne, kamar tela ya auna yadi da tef ɗin da aka yanke wa kai. Gyaran shi ne a tabbatar intanet ta dawo a sake, ko a ƙara yawan taurarin da za ta gwada da su.

Bayan nan a kunna alamar sanannun duwatsu. Manhajar za ta zana jan akwati da suna a duk inda lissafi ya nuna akwai dutsen da aka sani a wannan daren. Sai a juya launin hoton, taurari su koma baƙi a kan fari-fari, don ido ya fi kama ƙaramin ɗigo a haka. Sannan a kunna ƙyaftawa, wato hotunan huɗu su riƙa sauya juna da sauri a wuri ɗaya. Taurari za su tsaya cak. Abin da ya yi taku huɗu a jere shi ne abin zargi.

Ba a kallon hoton gaba ɗaya. Ana ƙara girmansa, a fara daga kusurwar sama ta hagu, a bi shi layi-layi kamar mai sharar tsakar gida, kowane sabon yanki ya ɗan hau kan na baya don kada a bar rata. A kowane yanki a bar hotunan su zagaya aƙalla sau biyar ko shida, ido a sake, ba a ƙura shi a kan ɗigo guda ba, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin motsi. Ƙunshi ɗaya kan ci minti 40 zuwa awa ɗaya a hannun sabon shiga. Bayan minti 20 ido yakan fara ƙirƙiro motsin da babu shi, saboda haka mutum biyu ke zama a kwamfuta ɗaya suna karɓar juna.

A nan ne ainihin karatun yake. A mako na biyu kusan kowane ɗalibi yana "ganin" dutse biyar ko shida a ƙunshi guda, kuma kusan dukkansu ƙarya ne. Dole a san me ke kawo su. Kyamarar PS1 ba fuska ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya ba, faranti 60 ne aka jera, kowane kuma an yanka shi gida 64, shi ya sa ake ganin layuka kamar na darduma sun ratsa hoton. A bakin waɗannan layuka haske yana rikicewa, tauraro ya ɓace a hoto ɗaya ya dawo a na gaba, sai ya yi kamar ya yi tsalle. Akwai ɗigon kyamara da ya lalace, mai ƙyalli ko da babu komai a gabansa. Shi a wuri ɗaya yake a jikin kyamarar, amma da yake na'urar takan ɗan gusa tsakanin hoto da hoto, idan aka daidaita taurari sai shi ya zama mai yawo. Akwai ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya su bugi kyamarar, su bar ɗigo mai kaifi ko ɗan karce a hoto ɗaya tak. Akwai kuma babban tauraro da haskensa ya cika ya tumbatsa, ya zubar da ɗige-ɗige a kewayensa. Sai hatsin hoton kansa, wanda idan ka daɗe kana kallonsa za ka haɗa ɗigo huɗu da ba su san juna ba ka ce jeri ne.

Dutsen gaske yana da ɗabi'u, kuma sai ya cika su duka. Tafiyarsa miƙaƙƙiya ce: a ɗora rula a fuskar kwamfuta, wurare huɗun su hau bakinta. Takunsa daidai yake, ba dogo yau gajere gobe ba, muddin tazarar lokacin hotunan ɗaya ce. Gudunsa kuma yana da iyaka da aka sani. Idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida sakan ɗaya ne na kusurwa, faɗin wata kuma kusan 1,800 ne. Dutsen da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari, lokacin da duniyarmu take tsakaninsa da rana, yakan yi wajen sakan 30 a awa. Ɗigon kyamarar ɗaya kusan rubu'in sakan ne, ke nan ya ratsa ɗigo ɗari da wani abu daga hoton farko zuwa na ƙarshe. Abin da ke rawa a wuri ɗaya, ɗigo biyu gaba biyu baya, ba shi ba ne.

Idan ya tsallake wannan, sai a danna a kansa. Taga za ta buɗe da girman ɗigon da wasu lambobi. Siffarsa ta zama zagayayyiya, tsakiya ta fi duhu, gefe yana narkewa a hankali, domin iska tana baza hasken duk abin da ya zo daga sama. Ɗigo mai kusurwa huɗu mai kaifin baki daga cikin kyamara ya fito. A gefe akwai zane mai kama da tudun gyaɗa, jan layi da fararen ɗigogi. Idan ɗigogin sun bi layin, alama ce mai kyau, idan sun watse kamar an zubar da gero a rufe tagar. Lambar da ke gwada ƙarfin hasken da hatsin hoto, wadda aka rubuta SNR, ta haura 5. Faɗin ɗigon ya yi kusa da na taurarin da ke kewaye da shi, wajen sakan ɗaya. Sai lambar haske. Wannan ma'auni a juye yake, babbar lamba ita ce mai dushewa. Ido a ƙauye mai duhu yana kaiwa 6, kuma kowane taki 5 ninki 100 ne. Abin da ɗalibai ke kamawa yana wajen 21, wato ya fi abin da ido ke iya gani dushewa sau miliyan ɗaya. Idan lambar ta ce 20.4 a hoton farko ta koma 22 a na biyu, ba abu ɗaya kake aunawa ba. Bambancin bai kamata ya wuce taki ɗaya ba.

Tsarin da ya rage mana ƙarya ba na kwamfuta ba ne. Kowane ƙunshi ƙungiya biyu ke dubawa, ba tare da ɗaya ta ga takardar ɗaya ba. Wanda ya ce ya samu, sai ya kare abinsa a gaban "mai musu", ɗalibin da aka naɗa na wannan rana, wanda aikinsa kawai ya kawo dalilin da zai sa a jefar. Da farko abin yana zama faɗa, musamman idan ƙarami ne ke musa wa babba. Wata rana wata 'yar aji huɗu ta ce wa na gaba da ita, "Yaya, taku na uku ya sauka daga kan rula." Ya duba, ya yi shiru, ya goge. Zuwa mako na huɗu su da kansu suke kashe nasu kafin a kai ga mai musu, yawan abin da ake kawowa ya ragu ƙwarai, kuma a ganina wannan raguwar ce babbar shaidar cewa sun iya aikin.

Abin da ya tsira ana ba shi lamba ta wucin gadi, haruffa 3 da alƙaluma 4, misali AGE0001, kuma lambar ɗaya za a sa masa a duka hotuna huɗun. Wanda ya ba kowane hoto sabuwar lamba ya mayar da dutse ɗaya duwatsu huɗu marasa motsi. Manhajar tana tara awon a rahoto mai tsayayyen tsari, kowane layi gurbi 80, kowane harafi da mazauninsa. Kada a buɗe shi a Word don a "gyara" shi, a kwafe yadda yake a liƙa a shafin shirin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da share tsohon rahoto kafin buɗe sabon ƙunshi. Rahoton yana zaune a kwamfutar ko an kashe ta, sai awon jiya ya bi na yau. Mun rubuta wannan da alli a saman allo har ƙarshen shirin. A duba kuma lambar wurin ɗaukar hoton a cikin rahoton: F51 ta PS1 ce, F52 ta PS2. Idan ba ta dace da sunan ƙunshin ba, saitin da aka ɗora ba nasa ba ne, a koma farko. Lokacin da ke ciki ma ya rikita wasu. Ba agogon Najeriya ba ne, na Girinwic ne wanda muke gaba da shi da awa ɗaya, kuma a gutsuren yini aka rubuta shi, .50000 na nufin ƙarfe 12 na rana a can. Ƙunshin da ba a sami komai a cikinsa ba shi ma ana aika rahotonsa. Kuma ba a ajiye hotuna su kwana da yawa, domin dutsen yana ci gaba da tafiya, in aka makara ba za a san inda za a sake nemansa ba.

Darare uku kacal muka fita da na'urar hangen nesa, da izinin iyaye a rubuce, daga magariba zuwa ɗan bayan isha'i, biyu daga ciki kuma gajimare ya cinye rabinsu. Na'urar mai zama a ƙasa ce, ana tura ta da hannu, kuma ita ta dace da Legas. Masu buƙatar a saita su da tauraron arewa wahala ce a nan, domin digiri 6 da rabi kawai yake sama da doron ƙasa, bayan rufin kwano da hayaƙi. Tsawon haskenta milimita 1,200 ne, saboda haka gilashin ido na milimita 25 yana girmamawa sau 48, na 10 kuma sau 120. Kowa sau 120 yake so, amma da sau 48 ake farawa. A sau 120 juyawar duniya tana fitar da abu daga gani cikin ƙasa da minti biyu, kafin na uku a layi ya sa ido ya tarar da baƙi. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe a daidaita shi tun da sauran haske, a kan kan hasumiyar sadarwa mai nisa. Raɓa ce babbar abokiyar gaba. Cikin awa ɗaya gilashin ido yakan yi gumi, kuma ba a goge shi da bakin riga. A sa ɗaya a aljihu ya ɗumama ana aiki da ɗayan. In an gama a bar na'urar a buɗe a ɗaki ta bushe kafin a rufe, in ba haka ba danshin Legas zai shuka mata fumfuna a madubi.

Wata shi ne abin da gajimare mai sirara ba ya hanawa. Daren 7 zuwa 10 ga wata ya fi daren 14 nesa ba kusa ba, domin a bakin iyakar haske da duhu inuwa ke fito da ramuka. Ramin Kofanikus, mai faɗin kilomita 93, yana fitowa sarai wajen daren 9 ko 10, kuma dutse irin wanda suke nema da safe ne ya haƙa shi. Kunama, wato tarin taurarin da ke da siffarta, tana sama ta kudu bayan magariba da jan tauraronta a ƙirji. Kaza da 'ya'yanta kuwa sai tsakar dare take fitowa a wannan lokaci, saboda haka muka ba su aikin gida: duk wanda ya fito sallar asuba ya tarar da sama a buɗe, ya ɗaga kai ya ƙirga 'ya'yan da yake gani, ya rubuta da sunan unguwarsa.

Sakamakon neman duwatsu ba ya zuwa da ganga. Shirin yana fitar da jerin waɗanda aka karɓa a matsayin ganin farko, kuma kaɗan ne daga abin da muka aika suka shiga. Ganin farko ba ganowa ba ne. Sai an sake kama dutsen a wasu darare sannan cibiyar da ke riƙe da kundin ƙananan duniyoyi a Kambirij ta jihar Masacusets za ta ba shi lambar wucin gadi ta hukuma: shekara, sannan harafin rabin watan da aka gan shi, P na 1 zuwa 15 ga Agusta, Q na sauran watan, R na farkon Satumba. Da yawa suna ɓacewa kafin nan. Wanda ya tsira sai an bi shi zagaye da yawa, shekaru ke nan, kafin ya sami lamba ta dindindin, a lokacin ne ake iya ba da shawarar suna, wanda ba zai wuce haruffa 16 ba kuma ba na talla ba. Ɗan aji biyar zai iya gama jami'a kafin wannan rana. Abin da ke hannu nan take shi ne takardar shaidar shiga, da littafin aikin da kowace ƙungiya ta cika da sunan ƙunshi, wanda ya duba, abin da aka jefar da dalilin jefarwa.

Sandar mita ɗaya ita ce ta ba su awon da ya fito daga hannunsu tun daga tushe. Mun haɗa kai da wani malami a Kano don auna kewayen duniya da inuwa. Agege tana kan digiri 6.6 arewa, Kano tana kan 12. Wajen 21 ko 22 ga Agusta rana tana bi ta tsakar ka a Kano, sanda ba ta da inuwa. A wannan ranar inuwar sandar mita 1 a Agege takan kai santimita 9 da rabi, kuma kudu take fuskanta, abin da ya ba ɗaliban mamaki. Wannan kusurwar digiri 5.4 ce. A raba 360 da 5.4, a ninka da tazarar kudu zuwa arewa tsakanin garuruwan, kilomita 600 a awon taswira, sai a sami 40,000. Wanda ya sa nisan mota, kusan kilomita 1,000, ko miƙaƙƙen layi na 830, ya kumbura duniya, domin Kano tana gabas da Legas sosai.

Tsakar rana ba ƙarfe 12 ba ce. Agogon Najeriya an ɗaura shi a kan layin digiri 15 gabas, Legas kuwa tana kan 3.4, saboda haka rana tana kaiwa tsaka wajen 12:50 a ƙarshen Agusta, Kano kuma ta riga ta da minti 20. Masu kula da lokacin zawali sun san haka. Ana fara sa alama a bakin inuwa daga 12:20, duk minti biyar, a ɗauki mafi gajarta. Kuskuren santimita 1 kawai yana mayar da amsar 36,000 ko 44,000, kuma hanyoyin samunsa biyu ne. Sanda ta karkata: a duba ta da igiya mai ɗan nauyi a ƙasa, irin ta magina, ta gefe biyu. Bakin inuwa ya yi dishi-dishi, domin rana tana da faɗin rabin digiri: a manna ɗan kwali mai ƙaramar huda a kan sandar, a auna tsakiyar ɗigon hasken da ya sauka. Ranar da muka sa gajimare ya rufe, kwana uku a jere. Awon yana yiwuwa a kowace rana muddin garuruwan biyu sun auna a rana ɗaya, domin rana tana gangarawa kudu da kusan sulusin digiri kullum. Sai dai bayan 22 ga wata tana tsakanin garuruwan biyu, inuwar Kano ta koma arewa, ta Agege tana kudu, saboda haka tara kusurwoyin ake yi. Ƙungiya ɗaya ta ɗebe, duniyarta ta fito ninki biyu.

A makon ƙarshe, wajen 5 zuwa 6 ga Satumba, rana ta iso tsakar kanmu. Aka jera sandar da kwalbar ruwa da bulo a tsaye a tsakar filin makarantar tun 12:30. Gajimare ya tsage na 'yan mintuna wajen ɗaya saura kwata, kwalbar ta tsaya a kan siminti ba inuwa ta kowane gefe, ɗigon hasken kwalin ya sauka a gindin sandar. Mai riƙe da littafi ya rubuta lokaci, ya rubuta sifili a gurbin tsawo, aka kwashe kaya kafin yayyafi.